Shekarar da Aka Ce Na Gudu

Na san maganar ta iso kunnuwanku, domin 'yan'uwanku na Nguru ba sa iya riƙe ta idan an taru a gidan biki. Da an ci an ƙoshi, sai wani ya gyara zama ya ce, ai Baban Gashuwa ya taɓa taɓuwa a zamanin ƙuruciyarsa, Allah ne ya kiyaye. Ku kuma ku yi dariyar yaƙe, ku dawo gida kuna kallona ta gefen ido ko za ku hango ragowar abin. Ban taɓa musantawa ba, saboda na lura mutum ba ya wanke kansa daga zargin hauka da yawan bayani, iyakaci ya ƙara wa masu zargin hujja. Amma yanzu da gwiwoyina suka ajiye aiki, na ga ya kamata ku ji yadda aka yi daga bakin wanda aka ce ya taɓun.

Abin ya faru a tsakiyar shekarun tamanin, lokacin da damina ke ta rowa, muna kuma cikin jihar Borno. An yi mini canjin wurin aiki daga Nguru zuwa wata makarantar sakandare a Gashuwa, inda nake koyar da nahawun Hausa da safe, labarin ƙasa da rana, wato ina nuna wa yara tekunan da ni kaina ban taɓa gani ba. Muka tare a wani gidan haya mai zaure da ɗaki biyu, ni da Ummanku, da yayarku Binta a goye. Amma ba Binta ce ta fari ba. Akwai wanda ya riga ta, wanda ba ku sani ba sai a bakin dangi. Tun da aka yaye shi, kakarku ta wajen uwa, wadda kuke kira Kaka, ta ɗauke shi kamar yadda ake yi da ɗan fari, ya zauna wurinta a Nguru. Mijinta ya daɗe da rasuwa, sai ta naɗa jikan a gurbinsa. Ita ke yi masa wanka, ita ke kiransa mijinta, tana yi masa ƙorafin bai kawo cefane ba. Ni kuwa uba ne na wancan zamani: ɗan fari ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yi masa wasa, ba a kiran sunansa. Idan na je Nguru ya rugo ya riƙe mini ƙafa, sai in dubi sama kamar mai duban hadari, in ce a ɗauke yaron nan. Haka aka yi mini, haka na yi, kowa kuma ya yaba da kunyata.

Ƙyanda ta shiga Nguru da bazara. Kafin labari ya same ni in sami mota, an riga an kai shi makwancinsa. Na zauna a tabarmar gaisuwa, mutane suna shigowa suna yi wa kawunnansa ta'aziyya, ni kuma suna yi mini a taƙaice don kada su kunyata ni. Na amsa yadda ake amsawa. Ban yi kuka ba, ba a yi. Ummanku ma ba ta yi ba, a gaban mutane dai. Muka komo Gashuwa muka ci gaba da zama, kamar matafiyan da suka bar wani kaya a tasha suka kasa tuna ko mene ne.

Barci ne ya fara ƙaurace mini. Bai tafi da faɗa ba, ya dai tattara nasa ya bar ni. Abin da ban sani ba sai da na ɗanɗana shi ne, mutumin da ba ya barci ba a farke yake ba. Rana ta koma mini kamar abin da ake hangowa ta ƙarƙashin ruwa. In tsaya gaban allo da alli a hannu, in ji wata murya tana bayanin wakilin suna, in saurara, in ga ashe tawa ce. Taswirar da ke jikin bango takan yi motsi, kogunan cikinta su riƙa gangarowa a hankali. A gida tuwo ya daina ɗanɗano. Ummanku ta ajiye kwano, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye. Wani likita ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya dubi agogonsa, ya dube ni, ya ce jinina ya hau, ya tambaya ko akwai abin da ke damuna. Na ce babu. Ya ba ni ƙwayoyi. Ƙwayoyin suka yi iyakar ƙoƙarinsu.

Wanda ya gane ni shi ne Mista Bitrus, malamin motsa jiki na makarantarmu, mutumin tsaunukan Filato, tsohon soja, siriri kamar sandar makiyayi. Shi kaɗai ne babban mutum a Gashuwa da aka yarda ya yi gudu ba a bi shi da tambaya ba, domin an yanke cewa baƙo ne, kuma aikinsa ke nan. Wata rana a ɗakin malamai ya tarar na riƙe kofin shayi har ya huce.

"Malam, shayin nan ya yi maka laifi ne?"

"Tunani nake yi."

"Tun bazara kake tunanin nan, har yanzu ba ka kai ƙarshensa ba? Gobe in ka idar da sallar asuba, ka same ni bayan makaranta. Ka zo da takalmin da ba na zuwa ɗaurin aure ba."

"In yi me?"

"Ka gaji. Kai matsalarka, kanka ya gaji, jikinka bai gaji ba. Ba su daidaita ba, shi ya sa suka kasa kwanciya tare."

Na je, ba don na gamsu ba, sai don ba ni da barcin da zan ce an katse mini. Na sa dogon wando da 'yar shara da wani takalmin kambas da na saya a kasuwa ina waige-waige. Da Mista Bitrus ya ce mu tafi, sai na tuna ni ma na taɓa zama yaro, na zuba iyakar ƙarfina. Ban yi nisa ba ƙirjina ya kama da wuta, na rungume wata aduwa ina haki, ƙayarta ma ban ji ba. Can sai ga shi ya iso a hankali, ko gumi bai yi ba.

"Wa ya biyo ka, Malam?"

"Ba gudu ka ce ba?"

"Gudu na ce, ban ce tsira ba. Ku mutanen nan gudu ɗaya kuka sani, na ceton rai. Akwai wani, wanda ba ya zuwa ko'ina. Ga ma'auni. Yanzu za mu ratsa masu lambu. Duk wanda ya gaishe ka, ka amsa masa har ƙarshe, da kwana da gajiya da iyali. In numfashinka ya yanke kafin a kai madalla, saurinka ya yi yawa."

"In kuma Babarbare ne fa? Tasu gaisuwar ba ta ƙarewa."

"To, ranar sai ka koma tafiya."

Tun da na ji ɗaya daga cikinku, Kabiru, ya sayi takalmin gudu ya ajiye a bayan mota yana jiran ranar da zai sami lokaci, bari in tsaya nan in ba ku abin da aka ba ni, da wanda na tsinta da ƙafata. Lokacin ba zai zo ba, Kabiru, yankarsa ake yi daga barcin safe. Ka fara da tafiya, kada girman kai ya hana ka. Sa'an nan ka zaɓi bishiya, ka yi sassarfa zuwa gare ta, ka taka a hankali zuwa ta gaba, ka sake. Wata rana za ka ga ka wuce bishiyar ba ka ma lura da ita ba. Kada ka fita kullum a farko, ka riƙa ba jiki hutun yini ya yi nazarin abin da ka yi masa. Ka nemi ƙasa mai tauri wadda ba kwalta ba, ka guji zurfin rairayi, domin yana cin agara. Ka sha ruwa kafin ka fita, ka bar koko da ƙosai su jira ka, ba inda za su. Ka riga rana fitowa, don a ƙasarmu da zarar ta ɗaga filin nata ne. Ciwo kuma iri biyu ne. Wanda ya kama cinyoyi duka biyu washegari, har ka riƙa neman dabarar durƙusawa, wannan gaisuwa ce kawai, zai wuce. Wanda kuwa ya soki wuri ɗaya kamar tsinke, ko ya matse ƙirji, wannan ka tsaya ka saurare shi, ka kai shi wurin likita. Mai hawan jini irina ma ya fara shawara da likitansa kafin ya ɗaura igiyar takalmi. Kada ka yi tsere da kowa, har da kai na jiya. Da azumi ka rage, ba a ɗora maka ba. Babban abin kuwa, ka tsaya tun da sauran marmari a jikinka, domin wannan ragowar ce za ta tashe ka jibi.

Abin da na samu bai zo a tare ba, ya zo ɗaya bayan ɗaya kamar baƙin da suka shiga mota daban-daban. Yunwa ce ta fara isowa. Na dawo wata safiya na shanye kokon da aka ajiye mini, na dubi na Ummanku. Daga nan haƙuri ya zo, har yaran aji suka lura bulalata ta ɓace ban neme ta ba. Likita ya sake ɗaura abin awonsa, ya ƙwanƙwasa agogon da yatsa don yana zaton ya lalace. Barci ne ya zo a ƙarshe, yana jan ƙafa, kamar wanda ya san ya yi laifi.

Da ya ga na iya, Mista Bitrus ya yaye ni ya koma wa 'yan wasansa, na ci gaba ni kaɗai. Hanyata takan bi ta bayan makaranta, ta gangara cikin lambuna, ta kama gefen kogi ta miƙe. Ina so ku ga wannan hanya yadda na gan ta, amma ban san ko tana nan ba, ban ma tabbata ta taɓa kasancewa yadda nake tuna ta ba. Ruwan da ya zo daga yamma bayan damina yana kwance a fadama, tururi yana tashi daga kansa har ka kasa raba ruwa da sama. Masunta suna kife a kan gorunansu, suna shawagi a cikin farin nan kamar waɗanda barci ya ɗauke a tsakiyar aiki. Jigon ban ruwa yana kuka a lambun albasa, ya sunkuya ya ɗago, ya sunkuya ya ɗago. Goriba ta ware rassa kamar mai miƙa. Sai tsuntsaye: kirinjijiya tana fito, belbela a jere kan kunyoyi, da wasu baƙi ƙanana masu dogayen ƙafafu da ke zuwa da sanyi su nufi wajen tafkin Dagona. Waɗannan sun ƙetaro tekun da nake nuna wa yara da sanda, sun gan shi da idonsu, ga su nan suna tsintar tsutsa a gabana ba sa ko alfahari.

Akwai wani wuri a cikin gudu, ba a ƙasa yake ba, a jiki yake, inda nauyi ke sauka. Kafin ka kai shi kai ne ke ɗauke da ƙafafunka, bayan ka wuce shi su ne ke ɗauke da kai. Tunani ya daina zuwa a jimla, ya koma guntu-guntu, daga nan ya yi shiru. A cikin wannan shirun ne na fara jin ƙafafuna suna faɗin wani abu. Dama, hagu, gaɓa biyu, suna maimaitawa. Na daɗe ina sauraro kafin in yarda na gane. Ha-bu. Ha-bu. Sunan yayanku ke nan, Habu. Ga shi na rubuta, tsufa ya cinye kunyar. Da fari a ƙirji yake, sai ya hau leɓe, wata safiya kuma na ji shi a sarari, da muryata, yana tsallaka ruwa. Tun ranar suna da na raɗa wa liman shi a kunne, ban sake furta shi ba. Babu wanda ya amsa, ban kuma sa ran amsa ba. Amma wani lokaci, idan tururin ya yi kauri, nakan ji kamar akwai wasu 'yan ƙananan sawu a gefena suna ƙoƙarin daidaita taku da nawa, sai in rage sauri. Gumi kuma yana da wata alfarma: duk abin da ya gangaro a fuska, nasa ake cewa.

Sai dai fadama ba ta da ƙofa. Masu lambu suna da kunnuwa, kuma suna kai albasa kasuwa. Ku auna abin da idon mutanen wancan lokaci. Magidanci, malamin makaranta, musulmi, ba baƙo ba, yana gudu ba a kore shi ba, a bakin ruwa, a lokacin da aka san su wa ke yawo a bakin ruwa, yana kiran wani da ba a gani. Ni ma da wani aka ba ni labarinsa, da na girgiza kai. Aka fara gaishe ni daga nesa. Liman ya aiko mini da rubutu a kwano, na sha, domin ba a mayar da alheri, kuma gudu yana sa ƙishirwa. Wata rana Ummanku tana shimfiɗa mini tabarma ta ce:

"Malam, matan unguwa sun daina aiko yara ɗebo wuta."

"Sun sami ashana ke nan."

"Suna cewa kana magana da mutanen ruwa."

"Ke me kika ce?"

"Na ce kana cinye tuwonka."

Labari ya tafi Nguru a bakin wani direban a-kori-kura, mutumin kirki, wanda ba Hausa ya sha a nono ba. An ce masa Malam yana gudu. A hanya, tsakanin ramuka da rairayi, "na" ɗin ta faɗo daga mota, ya isa gidan Kaka ya ce Malam ya gudu. Shekara da shekaru ina gaya wa yara cewa tsakanin lokaci mai ci da shuɗaɗɗen lokaci akwai tazara mai haɗari, suna hamma. Ga shi gaɓa ɗaya ta mayar da ni mutumin da ya tsere ya bar mace da goyo.

Kaka ta iso da ƙullin kayanta, ƙamshin turaren wutarta ya riga ta shiga gida. Doguwar Babarbariya ce. Kun san ta da tsufa, ba ku san ta lokacin da take cika ƙofa ba. Ta tarar ban gudu ba, ina nan ina duba aikin yara. Kafin ta sha ruwa matan unguwa sun shigo sun gyara mata labarin: bai gudu ba, taɓuwa ya yi. Ta ce ai gara na farkon.

Kun san tsakanin mutum da surukarsa. Ba a haɗa ido, ba a zama inuwa ɗaya, ba a ci a gabanta, in ka hango ta a hanya ka canja hanya. Na kwashe tabarmata na koma zaure. Magana kuwa sai ta bayan zanan da ke tsakanin zaure da tsakar gida, Ummanku a tsaye tana isar da saƙo, ko da yake kowa yana jin kowa. Zan gyara wa Kaka nahawunta a nan, abin da ban taɓa gigin yi ba tana raye.

"Ki tambaye shi, wa ke korarsa?"

"Ta ce wa ke korarka."

"Ki ce mata, Allah ya ƙara mata girma, babu kowa. Motsa jiki ne, don lafiya."

"Ya ce don lafiya ne."

"Na ji shi, ni ba kurma ba ce. Mai lafiya ne ke neman lafiya a bakin kogi da asuba? Ki tambaye shi wa yake kira."

Ummanku ta isar. Na koma duba aikin yara. Ba abu ne da ake faɗa wa suruka ba, balle a gaban uwar yaron.

"To, ki gaya masa. An ɗauke mini ƙaramin mijina a kan cinyata, ba zan bar 'yata da jikata a hannun wanda iska ke ja ba. Ko ya ajiye gudun nan, ko ranar kasuwa in sa su a mota. In mun isa Nguru, manya su zauna a kan igiyar auren. Na aika wa liman da mai unguwa su zo jajibirin ranar su zama shaida."

Wannan Ummanku ba ta maimaita ba.

Na ajiye. Me kuke so in yi? Na jefa kambas bayan randa, in dawo daga masallaci in zauna a zaure ina kallon gari yana wayewa a jikin bango. Ba a jima ba barci ya sake ɗaure kayansa. Ruwan nan ya dawo ya rufe rana, muryar da ke koyarwa a aji ta sake zama ta wani, kwano ya fara komawa ciki yadda ya fito. Sai na ga abin a fili: in na fita, za a tafi da su, in na zauna, za su zauna da wanda ba ya nan. Ban san wanne ne ya fi zama rabuwa ba. Ranar da shaidu za su zo, na dawo daga sallar asuba na tarar da takalman a bakin ƙofar zaure, an wanke su, an zura igiyoyin. Ba Kaka ce ta wanke ba, Binta kuwa ba ta fara tafiya ba. Na sa su.

Ban taɓa ganin fadama kamar ta wannan safiya ba. Tururi ya kai gwiwa, ina tafe kamar babu ƙasa a ƙarƙashina. Sunan ya zo da kansa, ban hana shi ba, na sake shi da ƙarfi. Na sha kwanar wani kurmin kaba ke nan, sunan yana bakina, sai ga Kaka zaune a gindin jigo, lulluɓe da mayafi, tsakanina da ita bai fi tsawon tabarma ba. Ashe ta riga ni fita, ta sa wata mai lambu ta nuna mata hanyata, don ta ga haukan da idonta kafin ta yi shaida a kansa. Muka haɗa ido. Tun da na auri 'yarta ban taɓa ganin fuskarta gaba ɗaya ba sai ran nan, kuma fuskar a jiƙe take. Ban yi shawara da kaina ba. Ƙafafuna suka tuna tarbiyyarsu, na juya na zura a guje ta cikin albasar mutane, na karya duk dokokin Mista Bitrus a lokaci ɗaya. Masu lambu suka miƙe suna kallo. Wani ya gaishe ni, ban amsa ba.

Bayan la'asar liman da mai unguwa suka zo, muka zauna a zaure. Na riga na sallama. Ina jin motsin Ummanku a ciki, ina ƙoƙarin gane ko ɗaurin kaya ne ko wanke-wanke. Kaka ta zauna bayan zana ta yi gyaran murya, ta fara da gaisuwar Barebari.

"Wushe, malamai. Na tara ku a kan maganar mutumin nan. Na je na gani da idona. Lafiyarsa ƙalau."

Mai unguwa ya ce, "Madalla, Iya. To, amma gudun fa?"

"Ni yake gudu."

Mai unguwa ya dubi liman.

"Ku tambayi masu albasa. Yana hango ni ya juya, ko takalmi bai tsaya cirewa ba. Ina da surukai a Nguru, ina da su a Machina, wanda ya fi kunya a cikinsu iyakarsa ya rakuɓe jikin bango. Wannan kuwa har bakin kogi yake kaiwa."

Liman, mutum mai son gaskiya, ya yi tari ya ce, "Gafara dai, Iya, ai tun kafin ki zo garin nan yake yi."

"Ya san zan zo. Koyo yake yi."

"To, kiran da ake cewa yana yi fa?"

"Wannan tsakaninsa da mijina ne. Ba ruwan unguwa."

Liman ya dubi ƙasa. Ina jin ya gane wane mijin take nufi, domin ya ɗaga hannu ya yi addu'a ga waɗanda suka riga mu, manya da ƙanana, ya shafa, ya tashi.

Kafin magariba magana ta zaga gari, gari kuma ya karɓe ta hannu biyu, domin hauka abin tsoro ne, kunya kuwa abin yabo. Har aka riƙa yi wa samari misali da ni. Amma hujja irin wannan tana da sharaɗi, ba a gudun surukar da ke Nguru daga Gashuwa. Kaka ta san haka tun kafin ta buɗe baki. Ta aika aka kawo mata sauran kayanta, ta bar gidanta da ƙawayenta da garin da jikanta ke kwance, ta zauna a ƙaramin ɗakinmu har Allah ya karɓi abinsa. Ni kuma na rasa tsakar gidana. Duk kun tashi kun gan ni ina ci a zaure, kuna zaton sarauta ce.

Washegarin wannan zama na dawo daga masallaci na tsaya a zaure ina jinkiri. Na ga kamar rashin ta ido ne in fita tun maganar ba ta huce ba. Sai na ji ƙarar buta, da wani taku mai nauyi da ya zo ya tsaya bayan zana.

"Ke, ki gaya masa na fito tsakar gida. In mai kunya ne, ya san abin yi."

"Ta ce ta fito."

Na durƙusa ina ɗaura igiya.

"Ki ce masa kuma, in ya isa can, ya kira har da nawa. Ni ƙafafuna ba za su kai ni kullum ba."

"Ta ce ka kira har da nata."

Na miƙe na kai bakin ƙofa. Sai na ji muryar Ummanku ta matso jikin zana, ƙasa-ƙasa, ba saƙon kowa take isarwa ba.

"Malam. Ka ƙara da nawa."